Dalilin aure a intanet: Shin sauya fasalin shafi na kawo riba?

Sana'ar haɗa namiji da mace domin aure, wadda Hausawa ke kira dalilin aure, tana cikin sana'o'in da intanet ta sauya wa kamanni a cikin shekaru 30 da suka wuce.

Abin da a da ake yi a zaure ko a tsakar gida, da 'yan hotuna cikin ambulan, yanzu ya koma shafukan intanet da manhajojin wayar salula.

Kamfanin Match Group na Amurka, wanda ya mallaki da yawa daga manyan shafukan haɗa masoya, ya samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 3 da rabi a shekara ta 2024.

A duk lokacin da ciniki ya ja baya, abin da masu irin waɗannan shafuka kan fara yi shi ne sauya musu fasali, wato sabon launi da sabon tambari da sabon tsarin jera hotuna.

Sai dai tarihin sana'ar ya nuna cewa sauyin da kan yi tasiri shi ne wanda ya shafi yadda mutane ke amince wa juna, yayin da kwalliya kaɗai ba ta cika tsinana komai ba.

Neman aure a ƙasar Haɗejiya

Masarautar Haɗejiya da ke arewa maso gabashin jihar Jigawa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8, wato Haɗejiya da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da kuma Malam Madori.

Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa ne ke zaune a yankin, kuma akasarinsu sun dogara ne da noma da su da kiwo a gaɓar kogin Haɗejiya da fadamun da suka miƙe har zuwa Nguru a jihar Yobe.

A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, neman aure lamari ne na dangi biyu.

Bayan saurayi ya ga yarinya an ba shi izinin zuwa zance, sai manya su shiga maganar, a kai kuɗin na-gani-ina-so da na gaisuwar iyaye, a yanka sadaki, a sa rana, a kai lefe.

Amma kafin a kai ga wannan, akwai matakin da ya fi kowanne nauyi, wato bincike.

Iyayen yarinya kan tura a tambayi asalin manemin da sana'arsa da halinsa da riƙonsa da addini, kuma dangin namiji su ma kan yi nasu binciken.

A garin da kusan kowa ya san gidan kowa, wannan ba ya wuya, domin mai unguwa da limamin masallaci da abokan zama a kasuwa duk shaidu ne.

Mai dalilin aure kan shigo ne a inda wannan sanayya ba ta kai ba, misali ga bazawara, ko ma'aikacin da aka turo daga wani gari, ko magidancin da ke son ƙara aure ba tare da surutu ba, ko kuma wadda karatu ya ɗauke wa shekaru.

Akan ba shi ko a ba ta ɗan abin zirga-zirga tun da farko, sannan a ba da tukuici idan an ɗaura aure.

Jarin wannan sana'a amana ce, domin wanda ya haɗa aure bisa ƙarya a cikin gari ne zai ci gaba da zama, kuma labarinsa zai riga shi isa gida na gaba.

Daga zaure zuwa waya

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a shekara ta 2001, a daidai lokacin da gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ke ƙoƙarin shigar da Jigawa harkar fasahar sadarwa, inda ta kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure.

Daga baya matasa suka rungumi 2go da Facebook, wanda aka fara samun sa cikin harshen Hausa a 2016, sannan WhatsApp da Instagram da TikTok suka biyo baya.

Akasarin masu dalilin aure na zamani a arewacin Najeriya ba su gina shafi nasu na kansu ba, a kan waɗannan dandali suke gudanar da aikinsu.

Mai neman miji ko mata kan aika da bayanansa, kamar shekaru da gari da matakin karatu da sana'a da rukunin jini, da kuma ko ya taɓa yin aure.

Sai a wallafa bayanan, sau da yawa ba tare da suna ba, wanda ya ga sun kwanta masa a rai kuma ya biya wani abu a haɗa shi da mai su.

Ke nan idan ana maganar fasali, ba launi da ado kaɗai ake nufi ba.

Fasali ya haɗa da irin tambayoyin da ake yi wa mutum, da abin da ake nunawa da wanda ake ɓoyewa, da wanda aka yarje wa ya fara magana, da kuma matakin da ake karɓar kuɗi.

Inda sauyi ya yi rana

An buɗe shafin Match.com a Amurka a 1995, kuma shafukan wancan zamani sun dogara ne da dogon fom da mutum zai cike a kwamfuta.

Manhajar Tinder da ta fito a 2012 ta rushe wannan tsari, inda ta shahara da salon ture hoto da yatsa zuwa dama idan mutum ya yi maka, ko zuwa hagu idan bai yi ba.

Wannan salo ya jawo mata miliyoyin jama'a, sauran kamfanoni kuma suka kwaikwaye ta.

Daga cikin masu kwaikwayon har da manhajar Hinge, wadda Justin McLeod ya kafa, amma a watan Oktoban 2016 ya yi watsi da salon baki ɗaya.

A sabon tsarin, mutum zai amsa wasu gajerun tambayoyi game da kansa, kuma wanda ke son yi masa magana sai ya zaɓi wata amsa ko wani hoto ya yi tsokaci a kai.

Daga baya manhajar ta fara tambayar mutane ko sun haɗu ido da ido, da kuma ko suna son sake haɗuwa.

Kuɗin shigar Hinge ya tashi daga kimanin dala miliyan 30 a 2019 zuwa kusan dala miliyan 400 a 2023, ya kuma kai dala miliyan 550 a 2024.

To amma ba za a jingina nasarar ga fasali kaɗai ba, domin Match Group ya sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin a 2018, daga bisani ya mallake shi gaba ɗaya, ya kuma zuba kuɗi masu yawa wajen talla.

Inda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba

Manhajar Bumble, wadda Whitney Wolfe Herd ta kafa a 2014, ta yi suna ne da ƙa'ida guda, cewa mace ce kawai za ta fara magana.

A watan Afrilun 2024, bayan ciniki ya fara sanyi, kamfanin ya fito da sabon tambari da sabon fasali, ya kuma sassauta ƙa'idar ta yadda mace za ta ajiye tambaya namiji ya fara da amsa ta.

Allunan tallar da suka raka sauyin sun fusata mata da dama, waɗanda suka ce ana yi wa masu kame kai ba'a, har sai da kamfanin ya nemi afuwa ya cire su.

A watan Agustan shekarar, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 a rana guda, bayan ya rage hasashen kuɗin da zai samu.

A watan Yunin 2025 kuma ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 240.

Matsalar dai ta fi ƙarfin tambari, domin alƙaluman hukumar kula da harkokin sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, sun nuna cewa daga Mayun 2023 zuwa Mayun 2024 Tinder ta rasa kusan mutum 600,000 a ƙasar, Bumble da Hinge ma sun yi asarar jama'a.

Ranar da aka cire hotuna

Wani gwaji da shafin OkCupid ya yi ya fito da sarƙaƙiyar lamarin fili.

A ranar 15 ga Janairun 2013, shafin ya ɓoye hotunan dukkan masu amfani da shi na tsawon sa'o'i 7.

Kamar yadda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Christian Rudder, ya bayyana a 2014, yawan masu fara hira ya ragu ƙwarai a wannan rana.

Amma waɗanda suka tsaya sun fi amsa saƙon farko da kashi 44 cikin 100, hirarsu ta fi zurfi, sun kuma fi saurin musayar lambar waya.

Da aka mayar da hotunan, da yawa daga hirarrakin da aka fara a makance sai suka mutu.

Wannan ya nuna cewa fasalin da ke tara jama'a a shafi daban ne da wanda ke haɗa su da juna, kuma dole mai shafi ya san wanne yake nema.

Shafukan Musulmi

Adeem Younis ya buɗe shafin SingleMuslim a garin Wakefield na Ingila a shekara ta 2000, Shahzad Younas kuma ya fito da manhajar Muzmatch a 2015, bayan ya ajiye aikinsa na banki a Landan.

Abin da ya bambanta Muzmatch shi ne ta bai wa mace damar dishe hotonta har sai ta ga dama ta buɗe wa wanda ta zaɓa, ta kuma ba da damar sanya waliyyi ko wani ɗan uwa ya riƙa ganin hirar da ake yi.

A watan Afrilun 2022 wata kotu a Landan ta yanke hukuncin cewa sunan manhajar ya keta haƙƙin mallakar Match Group, abin da ya tilasta mata komawa Muzz.

Ta sauya suna da tambari, amma ta riƙe waɗancan tsare-tsare, kuma daga baya kamfanin ya ce waɗanda suka yi rajista da shi sun haura miliyan 10.

Shi kuwa Match Group, ya sayi wata manhaja ta ƙasar Masar mai suna Harmonica a 2019, ya sake mata suna zuwa Hawaya domin kasuwar Musulmi, amma ya rufe ta a 2023.

A Indiya, shafin Shaadi.com ya cire gurbin tace mutane bisa hasken fata a 2020, bayan wasu mata sun yi ƙorafi a rubuce, a Iran kuma hukumomi ne suka ƙaddamar da manhajar Hamdam a 2021 domin ƙarfafa wa matasa gwiwar yin aure.

Darasi daga Kano

Gagarumin aikin haɗa aure da aka fi sani a ƙasar Hausa a wannan ƙarni ba a intanet aka yi shi ba.

A watan Janairun 2009 ƙungiyar zawarawa da marayu ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya zanga-zanga a Kano kan yawan mutuwar aure, amma hukumar Hisbah ta hana.

Shekaru 3 bayan haka, a zamanin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, hukumar ƙarƙashin Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ta ɓullo da shirin auren zawarawa.

An ɗaura aure 100 a watan Mayun 2012, sannan 1,111 a watan Disambar 2013, a watan Oktoban 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 a shirin da aka kira auren gata.

Wasu sun je da waɗanda suke so, wasu kuma hukumar ce ta haɗa su.

Kowa sai ya cike fom, an tantance shi, an yi masa gwajin lafiya, an kuma gindaya wa ango sharaɗin cewa ba zai yi saki ba sai ya koma gaban hukumar.

Babu shakka sadaki da kayan ɗakin da gwamnati ke bayarwa sun ja hankalin jama'a, amma tsarin ya nuna cewa mutane za su jure wa dogon fom da bin layi muddin sun yarda cewa an tantance wanda za a haɗa su da shi.

Wannan ya saɓa wa shawarar da masu zana shafukan kasuwanci kan bayar, ta cewa a rage tambayoyi domin kada mai rajista ya gaji ya tafi.

Abubuwan da suka fi launi muhimmanci

Ga mai gudanar da shafin dalilin aure domin jama'a irin na Haɗejiya da kewaye, abu na farko shi ne sirri.

A ƙaramin gari, hoton budurwa ko bazawara guda ɗaya da ya fita daga shafi ya shiga zaurukan WhatsApp ya isa ya jawo mata tsegumi, ya kuma kori sauran mata.

Shafin da mata suka guje wa kuwa ya mutu, ko da maza nawa ne a cikinsa.

Na biyu shi ne tantancewa, domin intanet ta raba neman aure da binciken da ke tafiya da shi.

Tun watan Disambar 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, amma wannan suna kawai yake tabbatarwa, ba ya faɗin hali ko yawan matan da mutum ya saka.

Shi ya sa neman sunan unguwa da na wani dattijo da zai tsaya wa mutum ya fi kusa da abin da iyaye suka saba da shi.

Na uku shi ne waliyyi.

A mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu 2, don haka duk hirar da aka yi a waya dole a ƙarshe ta biyo ta ƙofar gida.

Na huɗu shi ne rukunin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar amosanin jini, wato sikila, a Najeriya duk shekara.

Idan miji da mata duka masu rukunin AS ne, kowane ciki na da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na zuwa da cutar.

A watan Mayun 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin rukunin jini da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki kafin ɗaurin aure.

Tambayar rukunin jini tun a fom na farko kan hana a shaƙu sannan a rabu a ƙofar asibiti.

Na biyar shi ne harshe da tsada, domin da yawa daga manoma da masunta sun fi sakewa da saƙon murya cikin Hausa a kan rubutun boko.

Haka kuma shafi mai manyan hotuna da bidiyo yana cinye data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na intanet a watan Janairun 2025.

Yadda ake gane ko sauyi ya yi amfani

Manyan kamfanoni kan raba masu ziyara gida biyu, a nuna wa rabi tsohon fasali, rabi kuma sabo, a lokaci guda, sannan a kwatanta sakamako.

Da wannan dabara kamfanin Google ya taɓa gwada launin shuɗi iri 41, wani jami'insa kuma ya ce zaɓen wanda ya fi ya ƙara musu dala miliyan 200 a shekara.

Sai dai irin wannan riba ta mai ɗaruruwan miliyoyin masu ziyara ce, shafin da ke da 'yan ɗaruruwan mutane ba zai ga bambancin launi a aljihunsa ba.

Akwai kuma haɗarin ruɗuwa da yanayi.

A Amurka da Birtaniya, shafukan sun fi cika a Lahadin farko ta watan Janairu, a ƙasar Hausa kuwa bukukuwa sun fi yawa bayan kaka da kuma gab da azumi.

A kwarin Haɗejiya, kuɗin lefe da na kayan ɗaki kan fito ne daga shinkafa da riɗi da alkama da kifi, kuma a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022 ruwa ya cinye gonaki masu yawa a yankin.

Wanda ya sabunta shafinsa bayan kaka mai albarka zai iya zaton fasali ne ya kawo masa jama'a, wanda ya yi a shekarar ambaliya kuma ya zargi fasalin da laifin da ba nasa ba.

Sannan akwai tambayar abin da ya kamata a ƙirga, ko yawan masu rajista, ko yawan masu biyan kuɗi, ko yawan auren da aka ɗaura.

A nan ne sana'ar ta bambanta da sauran, domin duk wanda aka yi wa aiki mai kyau barin shafin zai yi.

Kamfanin da ke karɓar kuɗin wata-wata yana cin riba ne idan mutum ya daɗe yana nema, alhali mai dalilin aure na gargajiya babban rabonsa sai an shafa fatiha.

Zamba da doka

A 2019 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta kai Match Group kotu bisa zargin amfani da saƙonnin da ta ce na mayaudara ne wajen jan mutane su biya kuɗi, da kuma wahalar da masu son daina biya.

Kamfanin ya musanta zargin, amma a 2025 ya amince ya biya dala miliyan 14 domin a rufe shari'ar.

A Najeriya, hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas a watan Disambar 2024, cikinsu har da 'yan China 148, bisa zargin damfarar jama'a da sunan soyayya da zuba jari.

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na addini da na ƙwayoyin halitta cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

Waɗannan kuwa su ne ainihin bayanan da kowane mai dalilin aure ke tarawa, ko a babban shafi ko a zauren WhatsApp, kuma dokar ta ɗora wa mai tara su alhakin neman izinin masu su da kuma tsare su.